Ɗalibin da ke lura da tunaninsa, ya tsira daga ɓoyayyen son zuciya?

Abdulhadi (Madina): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kan maudu'in risalata ta majistir kafin in kai wa mushrif, malamin da ke duba aikina. Tambayar ita ce: ɗalibin da ke lura da yadda tunaninsa ke tafiya, wanda ya san inda ya gane da inda bai gane ba, yake tsara karatunsa, yake komawa ya binciki kansa, shin ya fi sauran ɗalibai kuɓuta daga ɓoyayyen son zuciya? Ina nufin fifikon da mutum ke nuna wa wata ƙabila ko wani launin fata ba da niyya ba, wanda ko Alƙur'ani ka ba shi zai dafa ya ce babu shi a ransa. Ma'auni biyu zan haɗa. Na farko takardar tambayoyi ta Schraw da Dennison ta 1994, mai jumla 52, ɗalibi yana karantawa yana faɗin gwargwadon yadda kowace ta dace da shi. Na biyu gwajin IAT a kwamfuta. Zatona shi ne duk wanda ya yi sama a na farko zai yi ƙasa a na biyu.

Malam Garba (Jidda): Wa alaikumus salam. Allah ya yi jagora. Amma ka fara yi mana bayanin IAT ɗin, ba kowa a zauren nan ne ɗan fannin tarbiyya ba.

Abdulhadi (Madina): To Malam. Anthony Greenwald da abokan aikinsa ne suka fito da shi a 1998. Fuskoki da kalmomi ne ke fitowa a allon kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana rarraba su da maɓalli biyu cikin sauri. A wani zagaye fuskar baƙar fata da kalma mai daɗi suna maɓalli guda, farar fata da kalma marar daɗi suna ɗayan. A wani zagayen sai a juya haɗin. Kwamfuta tana auna jinkirin yatsanka, abin da bai kai daƙiƙa ba. In hannunka ya fi sauri a haɗi ɗaya, sai a ce waɗannan biyun sun fi kusa da juna a ƙwaƙwalwarka. Akwai shi kyauta a shafin Project Implicit na jami'ar Harvard.

Ustaz Nafi'u (Madina): Ɗan'uwa Abdulhadi, ni tun daga tushe nake da ja. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu, matuƙar ba su aikata ba ko suka furta. To abin da Ubangiji bai kama bawa da shi ba, wanda ma bawan bai san da shi ba, don me za a tono shi da na'ura a liƙa masa suna mai wariya? Kuma wannan ciwo ne na Amurka, su da suka yi bautar da baƙaƙe da dokokin raba makarantu. Mu a ajinmu ɗan Indunusiya da ɗan Mali da ɗan Bosniya kafaɗa da kafaɗa muke zama, tun 1961 ake haka a Jami'ar Musulunci ta Madina.

Ummu Rayyan (Makka): Ustaz, ka yi haƙuri in shigo. Ni a Makka aka haife ni, a Makka aka haifi mahaifina. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya tsallako ta Sawakin. Ba zan yi maganar Larabawa ba yanzu, maganarmu mu Hausawa zan yi. Idan na haɗu da ɗalibai mata da suka zo daga Najeriya, in na yi musu fusha, wato Larabcin littafi, sai ka ga girmamawa, "Malama, Malama". Da zarar na juya Hausa, suka ji Hausarmu ta nan mai haɗe da Larabcin Hijaz, sai fuska ta sauya. Tambaya ta gaba ita ce, "Kina da iƙama kuwa?", wato takardar izinin zama a ƙasa. Ko kuma a fara yi mini magana a hankali kamar wadda ba ta taɓa shiga aji ba. A ransu an gama: 'yar Takari ce. Kuma wallahi mutanen kirki ne, masu sallar dare. In ka ce musu sun raina ni za su yi kuka su ce ƙazafi ne. Ya'ani abin ya fita daga zuciya, Ustaz, ya zo fuska da harshe. Wa aka ba jagorancin rukunin bincike, wa aka bari da buga takardu? Wannan aiki ne, ba raye-rayen zuci ba.

Tijjani (Jidda): Malama ta faɗi tawa. Ni daga Mai Wurno nake, kusa da Sinnar. Garinmu mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya jagorance su. A Sudan ana ce mana Fallata, a nan kuma ɗan Kano ya ji Hausata sai ya ce, "Kai, ashe kana jin Hausa!" Kowane ɓangare yana da hoton da ya riga ya ajiye mini kafin in buɗe baki.

Ustaz Nafi'u (Madina): Subhanallah. Malama, abin da kika faɗa zalunci ne, ba na kare shi. Amma wannan raini ne na fili, maganinsa wa'azi da tuba. Ba sai an kawo kwamfuta ba.

Ummu Rayyan (Makka): Wa zai tuba daga abin da ya yi imani bai aikata ba?

Mahamadu (Riyad): Mu 'yan Nijar ma muna da namu kason. Da an ji ka ce lakwal maimakon makaranta, ko likita ya ba ka ordonas maimakon takardar magani, shi ke nan an sa ka a layin baya. Amma don Allah, mu ma in muka keɓe muna da abin da muke faɗa kan 'yan Najeriya. Babu wanda ya fita.

Dakta Bilkisu (Riyad): Sannunku. Na karanta daga sama, kuma ina son in tsaya kan zaton Abdulhadi, domin a ganina nan ne gizo ke saƙa.

Abdulhadi, takardar 1994 ɗin nan ba ta auna yadda ɗalibi ke lura da tunaninsa. Tana auna yadda yake ganin yana lura. Shi ne alƙali, shi ne mai shaida. Ɗalibin da ya cika ta da "ƙwarai, haka nake" daga sama har ƙasa, yana iya zama mai lura ɗin da gaske, yana kuma iya zama wanda ya gamsu da kansa kawai. Shi kansa John Flavell, wanda ya kafa wannan fanni na lura da tunani a shekarun 1970, damuwarsa ita ce yadda yara ke cewa sun haddace abu alhali ba su haddace ba. Wato tun farko an san akwai rata tsakanin abin da mutum ke ji game da tunaninsa da abin da ke faruwa.

A 1977 Nisbett da Wilson sun ba da labarin wani gwaji mai sauƙi. Sun jera safa guda huɗu iri ɗaya sak a kan tebur, suka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi kyau. Mutane suka fi ɗaukar ta hannun dama nesa ba kusa ba. Da aka tambaye su dalili, wannan ya ce laushi, wancan ya ce saƙa. Da aka ce ko wurin da aka ajiye ta ne ya ja su, sai suka musanta. Ba ƙarya suke yi ba. Sun leƙa cikin ransu, sun ga dalili, sun faɗa da gaskiya, dalilin ne ba shi ne ya yi aikin ba.

Sai kuma Emily Pronin da abokan aikinta a 2002. Sun bayyana wa mutane, ciki har da ɗaliban Stanford, ire-iren karkatar tunani, suka tambaye su: kai da sauran jama'a, wa wannan ya fi kamawa? Galibi suka ce sauran jama'a. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Dalilin da ta bayar daga baya shi ne, wani muna auna shi da aikinsa, kanmu kuwa muna auna shi da niyyarmu, niyya kuma kullum fes take fitowa. A 2012 West da Meserve da Stanovich suka duba ko kaifin basira na rage wannan makanta. Bai rage ba, a wasu wuraren ma masu basirar sun ɗan fi.

Saboda haka ni ba zan yi mamaki ba in ka gama tattara bayananka ka tarar babu wata alaƙa tsakanin ma'aunan biyu.

Abdulhadi (Madina): Na gode Dakta. Amma in haka ne, kenan lura da tunani ba shi da amfani a nan? Wannan ya yi mini nauyi, domin a karatu muna ganin amfaninsa ƙarara. Ɗalibin da ke rufe littafi ya gwada kansa ya fi wanda ke maimaita karantawa.

Dakta Bilkisu (Riyad): Ka lura da misalin da ka kawo. Me ya sa rufe littafi ke aiki? Saboda akwai amsa a waje. Ka ce ka haddace, ka rufe, ka karanto, ka buɗe, littafi ya ƙaryata ka ko ya gaskata ka. A son zuciya wa ke ƙaryata ka? 'Yar'uwar da ta tambayi Ummu Rayyan iƙama ta tafi gida tana ganin ta nuna kulawa ne. Babu wanda ya dawo mata da sakamako.

Amma ba cewa nake ƙofa a rufe take ba. A 2014 Adam Hahn da abokan aikinsa sun sa mutane su yi hasashen sakamakonsu kafin su zauna gwajin IAT kan rukunonin jama'a daban-daban, kuma hasashen ya zo kusa da sakamakon sosai. Wato abin bai ɓuya can ƙasa kamar yadda ake faɗa ba. In ka tambayi mutum "kana da wariya?" zai ce a'a. In ka ce masa "me ka fara ji a ranka da ka ga wannan fuska, kafin ka gyara?" sau da yawa ya sani. Tambayar ce ba ma yi wa kanmu.

Ustaz Nafi'u (Madina): To ai wannan Alƙur'ani ya riga ya faɗa a Suratul Ƙiyama: mutum mai gani ne a kan kansa, ko da ya jero uzurorinsa. Kuma muhasaba ba baƙuwa ba ce a wurinmu. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a 243 bayan hijira, da wannan aka san shi har ya zama laƙabinsa.

Malam Garba (Jidda): Ustaz, tunda ka kawo nassi bari in ƙara maka ɗaya, amma ta ɗaya gefen. Abu Zarri ya aibata wani mutum da mahaifiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya ce masa, "Lallai kai mutum ne da akwai jahiliyya a tare da kai." Abu Zarri fa, wanda yana cikin na farko-farkon shiga Musulunci. A wata ruwaya har ya tambaya da mamaki, a wannan shekaru nawa? Aka ce masa e. Ya yi shekaru cikin imani da zuhudu, abin yana nan kwance bai gani ba, sai da fushi ya fito da shi, sai kuma da wani daga waje ya nuna masa. Ni abin da na fahimta daga bayanin Dakta ke nan. Muhasaba wajibi ce, amma wadda mutum ke yi shi kaɗai a ɗaki tana da iyaka.

Sannan ka duba yadda shari'a ta bi da alƙali. Ba ta ce masa in ka yi fushi ka lura da fushinka ka ci gaba ba. Cewa aka yi kada ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. An cire shi daga halin gaba ɗaya. Wasiƙar Umar ga Abu Musal Ash'ari ma cewa ta yi ya daidaita mutane a fuskarsa da majalisarsa, har wurin zama da kallo. Tsari aka kafa masa, ba a bar shi da kyakkyawar niyyarsa ba.

Ustaz Nafi'u (Madina): Wannan na karɓa, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Abin da har yanzu ban karɓa ba shi ne na'ura ta ce wa bawan Allah kai mai wariya ne saboda yatsansa ya yi jinkiri.

Dakta Bilkisu (Riyad): A nan kuma ina tare da kai, Ustaz, kuma masana da yawa suna tare da kai. Mutum ɗaya zai yi gwajin yau, ya sake bayan mako biyu, sakamakon ya bambanta sosai. Daidaituwarsa tsakanin zama biyu wajen 0.5 take, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakken daidaito, wanda bai isa a yanke wa mutum guda hukunci da shi ba, kuma su kansu masu gwajin sun faɗi haka. Yana da amfani in za a kwatanta rukuni da rukuni, ba don a nuna Tanko a ce ga halinsa ba. A 2016 Calvin Lai da tawagarsa sun gwada dabaru tara na rage makin, duka sun yi aiki nan take, amma bayan awoyi zuwa 'yan kwanaki babu wadda tasirinta ya ɗore. A 2019 Forscher da abokan aikinsa suka tattara bincike 492, suka ga ko makin ya sauya, hakan bai cika sauya abin da mutum ke aikatawa ba.

Shi ya sa hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ba daga IAT take ba, daga aiki take. Bertrand da Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, suka buga sakamakon a 2004. Takardu iri ɗaya, suna kawai ake sauyawa. Masu sunan farar fata sun fi samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. A 2012 Moss-Racusin ta aika wa malaman kimiyya 127 a jami'o'in Amurka takardar ɗalibi guda, wasu da sunan John, wasu da sunan Jennifer. John ya fi samun yabo, an kuma yanka masa albashi mafi tsoka, kuma malamai mata ma haka suka yi. Farfesoshi ne fa, mutanen da sana'arsu ita ce tantance hujja.

Mahamadu (Riyad): Dakta, duk wannan ciwo ne kike lissafawa. Ina magani?

Dakta Bilkisu (Riyad): Biyu zan ba ka waɗanda na amince da su. Uhlmann da Cohen a 2005 sun sa mutane su zaɓi shugaban 'yan sanda tsakanin namiji da mace. In namijin ne mai ilimin boko, sai su ce ilimi ne ya fi muhimmanci a aikin. In shi ne mai gogewar titi, sai su ce gogewa ce. Ma'aunin ne ke bin mutumin. Waɗanda suka fi ganin kansu adalai su suka fi yin haka. Amma da aka sa su rubuta ma'auninsu kafin su san wane ne wane, bambancin ya ɓace.

Na biyu daga Italiya. Alesina da Carlana da abokan aikinsu sun yi wa malaman makarantun sakandare gwajin IAT kan 'ya'yan baƙin haure. Wasu an nuna musu sakamakonsu kafin su ba da makin zango, wasu sai bayan sun bayar. Waɗanda suka gani kafin lokacin sun ƙara wa 'ya'yan baƙin maki. Abdulhadi, ga inda lura da tunani ya yi aiki: labari ya zo daga waje, ya zo daidai lokacin da ake shirin yanke hukunci.

Ummu Rayyan (Makka): Tayyib. To mu fara da gidanmu. Gasar rubutun maƙala da ake yi a zauren nan duk Ramadan, sunan mai rubutu da garinsa suna saman takarda alƙalai suna gani. A cire, a sa lamba. Kuma a rubuta yadda za a raba maki kafin a buɗe ko ɗaya.

Malam Garba (Jidda): An karɓa. Bana haka za a yi in sha Allah. Zan sa wanda ba ya cikin alƙalai ya riƙe sunayen.

Tijjani (Jidda): A rubuce ana iya ɓoye suna. A baki fa? Mu matsalarmu da an ji murya ne.

Abdulhadi (Madina): Yaya Tijjani, maganarka ta ba ni hanya. Gwajin Harvard da na bayyana fari da baƙi yake aunawa, mu kuwa a nan duk launinmu ɗaya, harshe ne ke raba mu. Akwai dabarar da Wallace Lambert ya yi a Montreal a 1960. Ya ɗauki muryar mutanen da suka iya Turanci da Faransanci, kowa ya karanta abu guda da harsunan biyu, masu sauraro suna zaton mutane daban-daban ne. Aka ce su kimanta basirarsu da halinsu. Muryar Turanci ta fi samun maki, har a wurin ɗalibai masu Faransancin kansu. Zan iya yin irinsa: mutum ɗaya ya yi bayanin mas'ala guda da Hausar Kano, ya sake da Hausar Makka, ya sake da ta Sudan. Kafin su saurara in tambaye su, kana ganin karin harshe zai shafi makin da za ka bayar? Sai in kwatanta abin da suka ce da abin da suka yi. Ratar da ke tsakani ita ce ma'aunin lura da tunanin, ba takardar 52 kaɗai ba.

Dakta Bilkisu (Riyad): Wannan ya fi na farko nesa. Ka bar takardar a ciki, don ka ga ko masu babban maki a cikinta ratarsu ta fi ƙanƙanta ko ta fi faɗi. Kowanne ya fito, sakamako ne.

Ustaz Nafi'u (Madina): Sharaɗina ɗaya: kada a kira sunan kowa, kada a kunyata kowa. Wanda ya so ganin nasa a ba shi a asirce. Nasiha a bainar jama'a tozarci ce. In an yi haka zan kawo maka ɗaliban kulliyarmu da kaina.

Ummu Rayyan (Makka): Samun mai murya ukun ne aiki. Wanda zai yi Hausar Makka ta gaske ba kwaikwayo ba, domin in ɗan Kano ya kwaikwaye mu daga jumlar farko za a gane, kuma zai zama abin dariya, ya ɓata maka binciken. Ka nemi wanda ya tashi a nan, wajen Shari'u Mansur ko Hindawiyya, sannan ya yi karatu a Najeriya. Akwai su. Zan tambayi yayyena.

Tijjani (Jidda): Ta Sudan kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 'yan'uwanmu da yawa sun watsu, wasu suna nan Jidda, wasu sun koma Kano da Maiduguri. Amma mutum ɗaya mai ukun duka zai yi wuya. Wataƙila ka nemi mutum biyu, kowanne da Hausar Kano da ɗaya daga cikin sauran.

Dakta Bilkisu (Riyad): Haka ma ya yi, kuma ka saka wasu muryoyin a tsakani don kada a gane mutum ɗaya ne ya dawo. Ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku kafin ka ɗauki muryar kowa. Sannan duk wanda ke cikin zauren nan ya fita daga samfurinka, mun riga mun san dabarar. Ustaz, ɗaliban da za ka kawo ma kada ka gaya musu komai game da harshe, ka ce musu za su saurari bayani ne su ba da maki.